Rami a Shafi na Tara

Wata bakwai ina ginin hujja ɗaya.
Daga Agege nake tasowa kafin assalatu,
jaka a ƙirji, don 'yan sanen Oshodi,
ko da yake in sun yanka asara za su yi:
shafi goma sha huɗu ne da guntun alli.

Kwandastan danfo ya fi ni saurin lissafi.
Yau ma ya haɗa mu, mu uku, da ɗari biyar ɗaya,
ya ce mu je can mu raba.
Na yi dariya ni kaɗai.
Ni da nake farautar lambobin da ba sa rabuwa,
su sha bakwai, su talatin da ɗaya,
masu taurin kai,
waɗanda ba su san kowa ba sai ɗaya da kansu.

Ran Alhamis muke taruwa a Akoka,
ɗaki mai fanka guda, ita ma sai ta ga dama.
Mu shida ne, huɗu in an yi ruwa.
Ga Folahanmi, ba ya tunani sai da gyaɗa a baki,
ga Nkiruka, abokiyar gabar "a bayyane yake",
ga tsoho Dakta Oyelaran da ya yi ritaya
amma ƙafarsa ba ta sami labari ba.

Na tashi. Allo ya cika, na goge, ya sake cika.
Alli ya yi mini furfura a gira.
Saura layi uku in ce tammat
sai Nkiruka ta ɗaga biro.
"Hajjo, koma shafi na tara.
Abin nan da kika raba da shi,
wa ya gaya miki ba sifiri ba ne?"

Shiru.
Har janaretan maƙwabta na ji yana tari.

Sifiri!
Babu da aka yi wa katanga.
Ya taso daga Hindu, ya kwana a Bagadaza,
ya ƙetare sahara cikin gafakar littattafai,
shekara dubu da ɗoriya yana tafe
don kawai ya sa mini ƙafa a Akoka.

Na fita bakin ruwa, ban yi wa kowa sallama ba.
Doguwar gada ta shaƙe da motoci, ba gaba ba baya.
Ƙarƙashinta wani mai kwalekwale daga Makoko
yana jefa koma, yana jawo ruwa zalla,
yana sake jefawa.
Dattijon ya iso, yana jan sandarsa.
Bai ce in yi haƙuri ba.
"Nawa ramin," in ji shi, "shekararsa sha tara.
Kullum da safe muna gaisawa."

Da dare Kawu Tanimu ya dawo daga Mil Sha Biyu,
rigarsa na warin albasa.
"An gama?"
"An samu ɓaraka."
"Buhu nawa aka yi asara?"
Na rasa amsa. Ya zauna, ya tuna mini kakana Barmo,
yadda yake zana gida tara a ƙasa da yatsa,
ta tsaye, ta kwance, ta karkace, duk sha biyar,
ya share da tafin hannu
ya ce wa yara su nemo da kansu.
"Shi ma," in ji Kawu, "ba mu taɓa ganin ribar abin ba,
amma in ya fara, tuwo sai ya huce."

An ɗauke wuta. Na kunna fitilar waya.
Na tsaga shafi na tara gida biyu:
in ba sifiri ba ne, hanyata tana nan.
In kuwa shi ne —

Sauro ya sauka kan takardar, daidai wurin.
Ban kashe shi ba.
Saura kwana shida Alhamis.